Garin inositol ga masu PCOS: abin da yake yi wa jiki da abin da ba ya yi wa zuciya

Farin gari ne mai ɗan ƙyalli, kamar sukarin da aka niƙa. In aka zazzage ƙunshi ɗaya a rabin kofin ruwa aka juya da cokali, nan da nan yake narkewa, ruwan ya koma garau, sai ɗan zaƙi-zaƙi da ke tsayawa a bayan harshe. Wannan shi ne inositol, kuma da wuya a sami macen da aka gaya mata tana da PCOS, wato lalurar homon da ke rikita al'ada da sakin ƙwai, ta yi wata guda tana bincike a wayarta ba ta ci karo da tallarsa ba. A jikin gwangwanin akan jera alkawura: daidaita al'ada, taimakawa wajen ɗaukar ciki, rage kwaɗayin zaƙi, rage ƙiba, sannan kwantar da hankali da gyara yanayin zuciya. Alkawarin ƙarshen nan ne ya fi tsaya mana a rai, don shi ne ya fi kowanne rauni, kuma matar da ta fi buƙatar taimako na gaske ita ce ta fi saurin riƙe shi.

Ra'ayinmu tun daga farko: kaya ne da ba ya cika cutarwa, yana ɗan taimaka wa wasu ta fuskar insulin, homon da ke daidaita sukarin jini, hujjarsa a kan haihuwa ba ta yi ƙarfi ba, kuma ba maganin ciwon damuwa ko fargaba ba ne. Mace za ta iya gwada shi, amma kada ya tare ƙofar abin da ya fi shi.

Abin da ke cikin gwangwanin

Inositol sinadari ne ɗan uwan sukari, kuma jiki da kansa yana ƙera shi, musamman ƙoda. Iri 2 ake sayarwa, myo-inositol da D-chiro-inositol. Aikinsu a cikin ƙwayar halitta kamar na ɗan aike ne: idan insulin ya ƙwanƙwasa daga waje, su ne ke kai saƙon ciki. Na farkon yana kuma da hannu wajen isar da saƙon homon ɗin da ke nunar da ƙwan mace. Tunda mata da yawa masu PCOS jikinsu ba ya jin maganar insulin yadda ya kamata, har sai an yi ta kwarara shi cikin jini, kuma yawan insulin ɗin yana zuga gidan ƙwai ya ƙara fitar da homon ɗin maza, sai aka yi tunanin ƙara wannan ɗan aike zai sassauta lamarin. Tunanin yana da ma'ana. Sai dai ma'ana a takarda daban, abin da ke faruwa a jikin mace daban.

Awon da aka fi amfani da shi a gwaje-gwaje shi ne giram 2 na myo-inositol sau 2 a rana, wato giram 4. Yawancin ƙunshin suna haɗe da folik asid mikirogiram 200. Masu rubuta 40:1 a jikin kayansu suna nufin miligiram 2000 na myo da miligiram 50 na D-chiro a kowane awo. Sun ɗauko lissafin ne daga yadda aka ce sinadaran biyu suke a cikin jini, ba daga wani babban gwaji da ya tabbatar cewa wannan haɗin ya fi sauran ba. Abin da ya kamata a yi hattara da shi shi ne D-chiro zalla mai yawa na tsawon lokaci, don akwai alamun yana iya rage aikin sinadarin da ke juya homon ɗin maza zuwa na mata a gidan ƙwai, wanda kishiyar abin da ake nema ne.

Kuskuren da aka fi yi yana wajen kafso. Kafso ɗaya yakan ɗauki kimanin miligiram 500. Don a kai giram 4 sai an haɗiye 8 a rana, amma kwalabe da yawa suna cewa a sha 2. Mace ta yi wata 4 tana shan kashi ɗaya bisa huɗu na awon da aka gwada, ta ce bai yi aiki ba, ko kuma ta ɗauka jikinta ne ya fi ƙarfin magani. Ki juya kwalbar, ki karanta bayanta: miligiram nawa ne na myo-inositol a awo ɗaya, kuma awo ɗaya kafso nawa ne? In an cakuɗa sinadarai 10 an ba su jimilla ɗaya ba tare da faɗin adadin kowanne ba, ki ajiye ta. Gari ya fi kafso sauƙin kai awo, amma a yi amfani da cokalin awon da ya zo da shi, a share saman ya yi daidai, ba cokalin shayi ba. Garin yana jan laima, in an bar murfin a buɗe sai ya dunƙule, awon ya daina zama daidai.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Labarin ya samo asali ne daga wani ƙaramin gwaji da aka buga a 1999 a mujallar New England Journal of Medicine. An ba mata 22 masu PCOS da ƙiba D-chiro-inositol miligiram 1200 a rana, aka ba wasu 22 abin da babu magani a cikinsa. A rukunin farko 19 sun saki ƙwai, a na biyu 6. Sakamako ne mai burgewa, amma mata 44 ne kacal na 'yan makonni. Gwaje-gwajen da suka biyo baya yawancinsu ƙanana ne, na wata 3 zuwa 6, awonsu ya sha bamban, kuma ba su yi magana da murya ɗaya ba. Nazarin ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon gwaje-gwajen lafiya, na 2018 a kan mata masu PCOS da ke neman haihuwa ya ƙare da cewa babu tabbacin inositol yana ƙara yawan jariran da ake haifa.

Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta kula da PCOS ta 2023, wadda Jami'ar Monash ta Ostireliya ta jagoranta, ta tsaya a tsakiya. Ta ce mace za ta iya amfani da shi in ta zaɓa, tunda illarsa kaɗan ce kuma yana iya gyara wasu ma'aunan sukari da insulin, amma amfaninsa a kan sakin ƙwai, gashi da nauyin jiki taƙaitacce ne. Ta ce babu isasshiyar hujjar da za a ce wannan iri ko wannan awo ya fi. Ta kuma fifita metformin, maganin ciwon sukari, a kansa wajen yawan gashi da kitsen ciki, duk da cewa metformin ya fi tayar da ciki. Ta tunatar cewa irin waɗannan kayan ba a sa musu ido kamar yadda ake sa wa magunguna, don haka abin da ke rubuce a kwali ba lallai ne ya zama abin da ke ciki ba.

Maganar zuciya

A nan gizo ke saƙa. Damuwa a jikin mai PCOS ba ƙorafi ba ne, ba kuma raunin hali ba ne. Wani nazari da ya tattara bincike masu yawa, wanda aka buga a 2017 a mujallar Human Reproduction, ya nuna yiwuwar samun alamun ciwon damuwa ga masu PCOS ta haura ninki 3 na sauran mata, ta fargaba kuma ta haura ninki 5. Ko da aka kwatanta mata masu nauyi iri ɗaya, bambancin bai ɓace ba. Wato ba ƙiba kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa har kashi 70 cikin 100 na masu wannan lalura ba a gano suna da ita ba, ma'ana mata da yawa suna ɗauke da nauyin ba su ma san sunansa ba.

Masu sayar da inositol suna jingina alkawarinsu da wasu ƙananan gwaje-gwaje na shekarun 1990, inda aka ba masu ciwon damuwa da masu firgicin da ke afkowa kwatsam giram 12 zuwa 18 a rana. Wannan ninki 3 ne ko fiye na giram 4 da masu PCOS ke sha a rana, mutanen ba masu PCOS ba ne, kuma da aka tattara gwaje-gwajen daga baya ba a ga tabbataccen amfani ba. Don haka idan gwangwani ya ce yana kwantar da hankali, aron hujja ya yi daga wani awo, wasu mutane, wani ciwo.

Duk da haka wasu matan suna cewa sun ji sauƙi, kuma ba ƙarya suke yi ba. Wadda al'adarta ta yi wata 3 ba ta zo ba, sai ta gan ta, dole ta ji an sauke mata dutse daga ƙirji. Wadda ta daɗe tana jin jikinta ya ƙwace mata, yanzu ga wani abu da take yi da hannunta safe da yamma, wannan ma yana da daɗinsa. Sauƙi ne na gaske, amma ya biyo ta hanyar jiki da sa rai, kuma ba ya kai wa ga ciwon damuwar da ya kafu.

A duba inda zafin yake fitowa. Takardar tambayoyin da aka fi auna ingancin rayuwar masu PCOS da ita, PCOSQ, ta fito a 1998 da tambayoyi 26 a fannoni 5: yanayin zuciya, gashin jiki, nauyi, rashin haihuwa da matsalar al'ada. Daga baya aka ƙara ƙurajen fuska. Kowane fanni rayuwa ce. Mace ce tsaye gaban madubi da sassafe, ta karkata haɓarta ga haske, tana tsige gashi ɗaya bayan ɗaya kafin kowa ya tashi, fatar wajen ta yi duhu da tabo, sannan ta wuni tana kare haɓar da hannu in tana magana. Wata ce ke ɗauke da audugar mata a jaka kullum don ba ta san ranar da jini zai zo ba. Wata kuma ta je asibiti da ciwon kai an ce mata ta rage ƙiba, ta je da ciwon baya an maimaita, har ta daina zuwa. Garin inositol bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan yadda ya kamata ba. Gashin da ya riga ya yi kauri ba ya komawa don an sha shi.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne jinkiri. Mace ta ce bari ta ba garin wata 6, bayan wata 6 ta canza kamfani ta ƙara wasu 6, alhali barcinta ya lalace, ta daina jin daɗin abin da take so a da, tana kuka ba dalili. Ƙa'idar 2023 ta ce a binciki duk mai PCOS, babba ko matashiya, kan ciwon damuwa, manya kuma har da fargaba, tun ranar da aka gano lalurar. Binciken bai wuce minti 5 ba. PHQ-9, takardar auna ciwon damuwa, tambayoyi 9 ne kan makonni 2 da suka wuce, kowace maki 0 zuwa 3, jimilla 27. Maki 10 zuwa sama na nufin a zauna da ma'aikacin lafiya, 20 zuwa sama mai tsanani ne. GAD-7 na fargaba ne, tambayoyi 7, jimilla 21, shi ma 10 ne layin da ake dubawa. Tambaya ta 9 a PHQ-9 tana kan tunanin mutuwa ko cutar da kai. Duk wadda ta ba ta amsar da ta wuce 0, ko jimillarta kaɗan ce, ta nemi likita ko wanda ta amince da shi a ranar, kada ta jira wani gari ya yi aiki.

Akwai abubuwa 2 da ke ɓuya a bayan gajiya da baƙin rai, kuma tallar ba ta ambatonsu. Na farko ɗaukewar numfashi a cikin barci, wadda ta fi yawa ga masu PCOS. Alamunta minshari, tashi da safe kamar ba a kwanta ba, da gyangyaɗi da rana. Na biyu rikicewar cin abinci: a matse ciki kwana da kwanaki, sai a wayi gari an ci fiye da kima a ɓoye, kunya ta biyo baya, a sake matsewa. Hotunan da ake tallar garin da su, na kafin sha da bayan sha, suna ƙara rura wannan wutar. Wadda ta ga kanta a nan ba ƙarin ƙa'idar cin abinci take buƙata ba, ƙwararre take buƙata.

Me ya fi shi?

Ya danganta da abin da ya fi ci wa mace rai, kuma ita ce za ta faɗa, ba likita ba. Ga damuwa da fargaba, maganin tattaunawa da ake kira CBT yana da hujja mai ƙarfi, haka ma magungunan damuwa in abin ya kai matsakaici ko ya tsananta. Sukan ɗauki makonni 4 zuwa 6 kafin a ji aikinsu, wasu suna ƙara nauyi, don haka a gaya wa likita akwai PCOS tun kafin ya zaɓa. Motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana 2, yana gyara insulin da yanayin zuciya ko da sikeli bai motsa ba.

Ga gashi da ƙuraje da rikicewar al'ada, ƙwayar tazarar haihuwa mai homon 2 ita ce matakin farko, mai ƙaramin awon isturojin na mikirogiram 20 zuwa 30. Gashi ba ya nuna canji kafin wata 6, kuma rashin sanin haka ne ke sa mata da yawa dainawa a wata na 2. Wasu suna jin yanayin zuciyarsu ya sauya da ƙwayar, in haka ta faru a koma a canza, ba a haƙura ba. In wata 6 ya wuce gashin bai ragu ba ana iya ƙara spironolactone, maganin da ke rage aikin homon ɗin maza, amma sai da tabbatacciyar hanyar hana ɗaukar ciki, don yana iya cutar da ɗan tayi namiji. Cire gashi da leza yana da hujjar gyara ingancin rayuwa. Ga mai neman haihuwa, letrozole, maganin da ke sa a saki ƙwai, shi ne ƙa'idar ta sa a gaba. Metformin kuwa ana farawa da miligiram 500, a riƙa ƙara 500 duk mako 1 ko 2, a sha tare da abinci. Wasu daga cikin masu cewa ya hana su sakat da gudawa an fara musu da babban awo ne lokaci guda. Mai shan sa na dogon lokaci a riƙa duba mata bitamin B12, don ƙarancinsa ma yana kawo kasala da baƙin rai.

In za ki gwada

Ki fara tabbatar da cewa PCOS ɗin ce. Ana buƙatar 2 daga cikin alamu 3: al'adar da ba ta kan tsari, wato tazarar da ta gaza kwana 21 ko ta wuce 35, ko ƙasa da sau 8 a shekara, alamun yawan homon ɗin maza a jiki ko a gwajin jini, da yawan ƙananan buhunan ƙwai a hoton ciki, ko gwajin jini na homon AMH ga manya. Kuma sai an kawar da matsalar tayirod da yawan furolaktin, homon da ke kawo ruwan nono, waɗanda ke kwaikwayon PCOS kuma suna da nasu maganin. Hoton ciki shi kaɗai bai isa ba.

Kafin awon farko ki rubuta ranakun al'adarki 3 na baya, awon ƙugunki, makinki na PHQ-9 da GAD-7, da abu ɗaya da ya fi damunki. Ki sha giram 2 safe da yamma. In ciki ya yi kumburi ko iska, ki koma sau ɗaya a rana na mako guda sannan ki ƙara. Tashin zuciya da gudawa sun fi faruwa a awon giram 12 zuwa sama, don haka ninka awo don a gaggauta sakamako ba ya ƙara komai sai wahala. Kada ki fara shi rana ɗaya da wasu sababbin abubuwa 3, don ba za ki san wanne ya yi aiki ba.

Wasu sai sun tuntuɓi likita tukuna. Mai shan maganin ciwon sukari, don sukarinta na iya sauka fiye da yadda ake so. Mai ciwon sauyin yanayi mai hawa da sauka, musamman mai shan lithium, don an sami rahotannin tashin ciwon ga wasu da suka sha inositol. Mai juna biyu ko mai shayarwa. Wadda ba ta son ciki a yanzu kuma ta sani cewa PCOS ba ta hana ɗaukar ciki gaba ɗaya, kuma ƙwai kan fita kafin a ga jini. Mai neman ciki ta lura cewa ƙunshi 2 suna ba da folik asid mikirogiram 400, wanda shi ne awon da aka saba, amma mai ƙiba sosai ko mai ciwon sukari likita na iya rubuta mata fiye da haka.

Akwai iyakar da garin ba ya ɗagewa: in al'ada ta wuce kwana 90 ba ta zo ba kuma ba ciki ba ne, bangon mahaifa yana ci gaba da kauri ba tare da ya zube ba, kuma in hakan ya daɗe yana ƙara haɗarin kansar mahaifa. Wannan na buƙatar homon ɗin furojestin ko ƙwayar tazara daga likita, ko ana shan inositol ko ba a sha.

Bayan wata 3 ki ɗauko takardar da kika rubuta ki sake aunawa. In tazarar al'ada ta ragu, ki ci gaba zuwa wata 6 ki sake dubawa. In babu abin da ya motsa, ki daina, ba ya buƙatar a janye shi a hankali. In kuwa makin PHQ-9 ko GAD-7 ya kai 10, ko ya ƙaru da maki 5 a kan na farko, ki tafi asibiti da takardar da gwangwanin duka biyu, ki fara miƙa takardar.